Aikin Kawu Ba Shi da Suna

Ranar da muka dawo daga binne Kawu, takalma sun cika ƙofar gidansa har sun gangara kan matakala. Gidan yana can saman wani tsohon bene kusa da tashar jirgin ƙasa ta Titiwangsa, ɗaki biyu da falo, kuma ban taɓa sanin Hausawa sun kai yawan haka a Kuala Lumpur ba sai ran nan. Maza muna falo, mata suna ɗakin ciki tare da Inna, matarsa, labule ne kawai a tsakaninmu. Wanda ya shigo duk sai ya tuna mana cewa na Allah ne mu kuma can muka nufa, a shafa, ya nemi gefe ya zauna.

Da aka jima sai aka shiga yabon mamaci, kuma a nan raina ya fara ɓaci.

"Allah ya ji ƙan malamin kwamfuta," in ji wani ɗalibin injiniya. "Tawa ta sha mutuwa yana tashinta."

Wani ya ce ai ba kwamfuta ya karanta ba, harkar majigi ce da lasifika, shi ya sa duk taron da za mu yi shi ke haɗa wayoyi. Wani babban malami da ya zo hutun bincike ya gyara zama ya ce duk ba su fahimta ba, marigayi irin mutanen nan ne masu shiga aji su duba ko malami ya rubuta darasi. Mai shagon abinci na ƙasan bene, irin wanda ake kira mamak a nan, ya aiko da shayi, ya ce a ba iyalan cikgu, wato malam a bakin mutanen nan. Kowa da zuciya ɗaya yake magana, na sani. Amma ni da muke sashe ɗaya da shi a jami'a, ƙarƙashin farfesa ɗaya, ji nake kamar in tashi in ce su yi shiru.

Ashe Inna tana jin komai. Da mutane suka ragu sai ta aiko a kira ni. Na durƙusa a bakin labule na yi mata gaisuwa.

"Kai ne kuke karatu ɗaya da shi," ta ce. Muryarta a bushe take, babu kuka a ciki. "Tun ina amarya ake tambayata me mijina yake koyarwa, ban taɓa samun amsa ba. Yanzu zan koma gida ni kaɗai, in bar kabarinsa a ƙasar da ko sunan unguwar ban iya faɗa ba. 'Ya'yansa za su tambaye ni, 'yan'uwansa za su tambaye ni. Faɗa mini, mene ne wannan abin da ya ɗauko mu ya kawo mu nan ya mutu a kansa?"

Na buɗe baki, sai wata doguwar jimla da muka haddace don jarrabawa ta fito. Na shiga juya ta da Hausa: nazari ne da aiki a kan tsara hanyoyi da kayan da za su sauƙaƙa koyo, da auna ko sun yi amfani. Ina cikin lalube ta katse ni.

"Irin wannan shi ma yake faɗa mini. Tashi ka je, Allah ya ba da lada."

Na sauko daga benen nan da tambayarta a raina, kuma ita ce ta sa ni wannan rubutu.

Kawu ba kawuna ba ne na jini. Ya girme mu ne duka, mu ɗaliban da gwamnati ta turo ƙaro karatu, har akwai waɗanda ya yi sa'a da iyayensu, sai muka laƙaba masa Kawu, matarsa kuma ta zama Inna. Ya fara aiki yana saurayi a wata kwalejin horon malamai a gida, a wani ɗaki mai ƙura da ake ajiye majigi da rediyo da taswirori. Yakan ce a gabansa aka yi ta sauya allon ƙofar ɗakin. Da farko an rubuta kayan ji da gani. Daga baya aka goge aka sa fasahar ilmi. Aka sake gogewa aka sa fasahar koyarwa. Ana cikin shirin sa wani sunan kuma ya taho.

"Fenti kawai suke saye," yakan ce. "Ƙwan fitilar ɗakin ma ni nake canjawa da kuɗina."

Abin da ya fi ci masa rai shi ne, duk sunan da aka sa, aikin da ake kiransa ɗaya ne. Lasifika ta ƙi magana a taron shugaban kwaleji, a kira shi. Ana ɗaurin auren 'yar wani babba, a kira shi. Zai je ya gyara, yana gyarawa yana huci. Da ya ji ana shirin narkar da sashensu cikin na kwamfuta, wai ai duk harkar na'ura ce, sai ya ga ba za a saurare shi a teburin manya ba sai da digiri na uku. Wannan ne ya fito da shi da furfura, ya zo ya zauna aji ɗaya da sa'o'in 'ya'yansa. Inna ba ta so tafiyar ba, kuma ba ta ɓoye ba.

A nan ma bai huta ba. Farfesarmu, wata Bamalayiya mai sanyin hali, ta yi ta dawo masa da babi na biyu na kundin digirinsa, wanda zai bayyana ma'anar fannin. Ta ce ya zaɓi ɗaya daga cikin ma'anonin da masana suka yi ta sabuntawa, ya wuce gaba kamar kowa. Shi kuwa ya kafe. Ya ce duk wadda ya ɗauka, in ya juya ta da Hausa ya karanta wa kansa, sai ya ji ba ta kama komai ba. Mu da muka zo bayansa muka wuce shi, shi yana nan a babi na biyu. Mun sha tsokanarsa a kan haka in mun je cin shinkafar kwakwa a unguwar Kampung Baru, yana ta mita wai mutanen nan har a miya sai sun sa sukari.

Yana da tambayoyi uku da ba ya rabuwa da su. Wa zai koya? Me ya iya yanzu? Ta yaya za ka san ya iya? Ko girki matarka za ta koya wa maƙwabciya, in ya ji, sai ya yi su. In sabon ɗalibi ya sauka, Kawu ne ke kai shi ya koyi hawa jirgin ƙasa na cikin gari, amma ba ya shiga gaba. A baya yake tafiya, hannu a aljihu. Ni da kaina ya bar ni na hau jirgin da ba shi ba, muka yi nisa, yana zaune kusa da ni yana kallon taga.

"Kawu, ka san ba nan za mu ba?"

"Na sani mana."

"Shi ne ka yi shiru?"

"Gobe ba na nan. Sauka ka nemo mana hanya."

Na yi fushi sosai ran nan. Ban kuma sake ɓata a jirgin garin nan ba.

Abin da ya sauya zamanmu ya faru ne a shekarata ta biyu. Wani ɗalibi ɗan'uwanmu, matashi, zazzaɓin sauron nan na ƙasar ya kwantar da shi, kwana kaɗan ya cika. Aka kai shi masallacin da ke da ɗakin wankan gawa. Wani tsohon Bamalaye mai kula da ɗakin ya fito ya ce mana, cikin ladabi, a al'adarsu dangin mamaci ne ke shiga su sa hannu, su nasu taimako ne. Wa zai shiga daga cikinmu?

Muna tsaye mun fi ashirin, masu digiri biyu, masu neman na uku, har da waɗanda ke jan mu salla. Kowa ya sunkuyar da kai. A gida kowace unguwa tana da dattijon da ake tasowa in an yi rasuwa, mu namu shi ne mu tsaya a waje mu jira makara. Ba mu taɓa tunanin wata rana za a waiwaya a ga babu dattijon ba. Kawu ne ya cire agogonsa ya miƙa mini, ya naɗe hannun riga ya shiga shi kaɗai. Da ya fito bai yi wa kowa faɗa ba, kuma da ya yi faɗan da ya fi mana sauƙi.

Bayan sadakar bakwai ya fara bin mu ɗaya bayan ɗaya. Tambaya kawai yake yi: me ya hana ka shiga? Ya gano ba jahilci ba ne. Duk mun karanta a makarantar Islamiyya, mun san a fara da alwala, a fara da dama, a yi wankan sau uku ko biyar, a sa kafur a na ƙarshe. Abin da ba mu da shi a hannu yake. Ba mu san yadda ake juya mutum ba tare da an yaye masa sutura ba. Ba mu san nauyin wanda ba ya taimakon kansa ba. Kuma muna jin tsoro, ko da yake babu wanda ya furta sai da ya matsa.

Ya je titin 'yan yadi, Jalan Tuanku Abdul Rahman, ya yanko farin yadi. Ya sayo wani dogon tebur mai naɗewa. Ranar Asabar bayan la'asar ya tara mu a falonsa, mutum huɗu huɗu, ya ce fiye da haka kallo za a yi, ba koyo ba. Da farko da dogon matashin nan na runguma da ake samu a kowane gida a nan muka gwada. Mako ɗaya ya jefar da shi.

"Wannan ƙarya yake koya muku," ya ce. "Ba shi da wuya, ba shi da nauyi."

Sai ya hau teburin da kansa ya kwanta, da rigarsa da wandonsa, ya ce a rufa masa zane. Ya rufe ido ya saki jiki gaba ɗaya. Muka tsaya muna kallon juna, wasu na dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Ina jira," ya ce, ido a rufe.

Haka muka koya. Babu ruwa, sai buta babu komai a ciki, amma komai sai an yi shi kamar gaske. Mu mirgina shi dama, mu mirgina shi hagu, mu naɗe shi, mu ɗaure, mu kwance. Shi kuwa yana kwance yana gyara mu da murya ƙasa-ƙasa. Zanen ya zame, ja shi. Kai na wajen ƙafa, ka yi sauri. A hankali da kafaɗar hagu, ta taɓa gocewa. Wadda ya fi maimaitawa ita ce ta mai riƙe kai, domin kusan kowa sai ya manta ya saki, ƙeyar Kawu ta bugi tebur.

"Kada ka saki kaina. Mamaci ba ya riƙe wuyansa."

Wanda duk ya yi daidai sau ɗaya, Kawu ba ya yarda. Sai ya dawo wani makon ya yi ba tare da an ce masa komai ba, sannan ya koya wa na bayansa shi yana kwance yana saurare. In ya ga mutum uku sun yi kuskure a wuri ɗaya, ba ya cewa laifinsu ne, sai ya sauya yadda yake nuna wurin.

Inna ta tsani ranar Asabar. Tana kicin tana jin komai, tana buga tukwane da ƙarfi. Wata rana ta fito ta same mu mun naɗe shi tsaf cikin farin yadi, sai fuska. Ta jingina da bango.

"Malam, mutuwa kake kira wa kanka a gidan nan. Ka rasa abin koyarwa sai wannan?"

"Ba a kiranta, Hajiya, da ƙafarta take zuwa," ya amsa daga cikin yadin. "Ni dai kada ta zo ta tarar da su yadda ta tarar da su ran nan."

Ta juya ta koma kicin. Daga ranar, in mun zo, sai ta ja ƙofar kicin, amma ba ta rufe ta duka.

A kan wannan teburin ne muka yi rigimar da ba mu gama ba har ya rasu. Ni bincikena a kan koyarwa ta wayar hannu ne, kuma ina da zafin kai, ban musa ba. Na ce masa mu ɗauki abin nan a bidiyo, mu yanka shi gajere-gajere, ya shiga wayar kowane ɗalibi. Ya ce a'a. Na matsa, ya ce bidiyo ba ya da nauyi, kamar matashin rungumar nan ne.

"To Kawu, in babu na'ura, ina fannin namu a ciki? Wannan ai koyon hannu ne. Kowane tsoho a unguwa haka yake koya wa wani. In wannan ne fasahar koyarwa, gaskiyar masu son rufe sashenku ce, ba a buƙatar sashe."

Na ga maganar ta shige shi. Ya tashi zaune, ya daɗe yana naɗe yadin.

"Tsohon unguwa yana yi ne a gabanka, in ka ɗauka ka ɗauka," ya ce. "In ya mutu, ya tafi da abinsa. Mu namu shi ne mu zauna mu tsara yadda ba za a tafi da shi ba."

"To ai bidiyon ne ba ya mutuwa. Mu duk nan gama karatu za mu yi mu watse."

Ya ajiye yadin ya sallame mu. Muka yi makonni gaisuwa kawai ke haɗa mu, har ranar da ya ƙwanƙwasa ƙofata da ƙunshin abincin da ya sayo mini daga shagon mamak, ya ajiye ya ce matata ta ce ba na cin abinci. A bakin ƙofa ya faɗa mini sauran dalilinsa. Ba ya son Inna ta buɗe wayar wata mata wata rana ta gan shi a naɗe cikin likkafani. Na karɓi abincin, na karɓi dalilin, amma har yau ina ganin akwai gaskiya a tawa maganar. Cikin waɗanda ya horar, yawancinsu sun riga sun koma gida.

Ya faɗi ne a bakin tafkin Titiwangsa, inda yake zagayawa bayan la'asar saboda likita ya ce ya riƙa motsa jiki. Kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa. Babban ɗansa ya bugo daga gida ya ce kada a wahalar da gawa, a binne shi inda Allah ya karɓi abinsa.

Masallacin nan dai aka kai shi. Tsohon Bamalayen nan ne ya fito, ya ƙara tsufa, ya yi tambayar da ya yi a wancan karon. Kafin ya rufe baki mu huɗu mun miƙe.

Ba zan faɗi abin da ido ya gani a ɗakin ba, amana ce. Abin da zan iya faɗa shi ne, hannuwana sun san jikin nan. Sun san nauyin kafaɗarsa, sun san inda ake tallafa in za a mirgina shi. Babu wanda ya ce wa wani yi kaza. Na wajen ƙafa bai yi sauri ba, zane bai zame ba. Da muka zo kafaɗar hagu, duk muka sassauta a tare. Tsohon ya tsaya yana miƙo ruwa da kafur, daga baya ya ja da baya ya harɗe hannu. Abin da ya kusa karya ni shi ne shirun. Duk juyin da za mu yi sai in kasa kunne ina jiran muryar nan ta gyara mu.

Makonni bayan haka labari ya zo daga gida cewa an narkar da sashen nasu, an cire allon ƙofa. Babi na biyu yana nan yadda ya bar shi. Wanda ya yi rayuwarsa yana neman a kira aikinsa da sunan da ya dace, ga shi an yi zaman makokinsa ana ce masa mai gyaran lasifika. Wannan yana damuna, kuma ban ga ranar da zai daina damuna ba. Allah Ka yafe masa, Ka yalwata masa makwancinsa a wannan baƙuwar ƙasa, Ka sa abin da ya koyar ya riƙa isa gare shi.

Ana gobe Inna za ta tafi, ƙaninta ya zo ɗaukarta ta ƙarasa takaba a gida, na koma. Falon ya zama fili, sai akwatuna da teburin nan a naɗe a jingine. Na durƙusa a bakin labule kamar wancan karon. Wannan karon ban ɗauko jimlar kowa ba. Na ce mata ni ma ban san sunan da zan ba ta ba, masanan ma ba su daidaita ba. Amma ranar da aka yi tambaya a masallaci, a karon farko mutum ɗaya ya shiga, a karo na biyu mutum huɗu suka tashi, kuma ba a yi haka da ka ba, zama ya yi ya tsara. Na ce abin da ya zo karanta ke nan, kuma ya iya shi tun kafin ya zo.

Na zaci za ta sake sallamata. Can sai ta ce:

"Wa ya riƙe kansa?"

"Ni ne, Inna."

"Ka saki?"

"Ban saki ba."

Sai a lokacin na ji kukanta, a hankali, a bayan labule. Na zauna har ta tsagaita.

"To, wannan na gane," ta ce. "In sun tambaye ni, shi zan faɗa musu. Teburin nan kuma kada a sayar da shi. Ɗauke shi ka tafi da shi."

Yana falona yanzu. Asabar da ta wuce na tara sababbin ɗalibai huɗu, na shimfiɗa yadin, na hau na kwanta. Matata ta tsaya a ƙofar kicin da irin fuskar da na taɓa gani, sannan ta ja ƙofar, ba ta rufe duka ba. Na rufe ido na saki jiki. Suka tallafo ni, da aka zo juyawa sai ƙeyata ta bugi katako. Zafin ya ratsa ni har ido, sai a lokacin na san abin da Kawu ya sha a hannunmu bai taɓa faɗa ba.

"Sake," na ce, ido a rufe. "Kada ka saki kaina."